Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗana zai kwashe iyali daga Kalifoniya zuwa Tekzas, wai haraji da bindiga

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙu sun taru kam, amma guda uku na ware saboda duk gindinsu ɗaya. Biyu daga ciki ma alama ta nuna maganar gida ɗaya suke yi, uban miji ya rubuto daga nan Gombe, uwar mata ta rubuto daga Bauchi, kuma ina kyautata zaton babu wanda ya san ɗayan ya rubuto. To yau dai za ku sani, surukai a yi haƙuri da ni.

TAMBAYA

Salam Malam. Dan Allah ka warware mun wani abu da ya hana ni barci. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, masara da wake nake saye ina sayarwa, ban yi boko mai zurfi ba yaron shagona ne ma yake rubuta mun wannan. Ɗana na biyu yana Amurka shekara tara kenan, aikin nas yake a wani asibiti a jihar Kalifoniya, matan shi da yara uku duk suna can, kuma Alhamdulillahi duk wata yana aiko mana abun da ya sawwaƙa, shi ke biyan kuɗin makarantan ƙannen shi biyu. To ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira ni a bidiyo wai zai ajiye aikin ya kwashe iyali ya koma wani gari Huston a jihar Tekzas. Na ce koran ka aka yi? ya ce a'a. Faɗa ake a garin? ya ce a'a Baba lafiya lau. Wai haraji ne ya ishe shi, wai kuma can mutum yana ajiye bindiga ba wahala, wai kuma siyasan mutanen Kalifoniya da abun da ake koya wa yara a makaranta bai mishi ba. Malam ba ƙasa ɗaya ba ce? Ni daga Azare na dawo Gombe tun ba a raba jihan ba, da aka raba ma ban ga abun da ya canza ba sai lambar mota. Ko dai wani abu yaron nan ya yi yake ɓoye mun? In hana shi ko in sa mishi albarka?

Wani uba, Tudun Hatsi, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, dalilan nan uku da ya lissafa maka ba ƙirƙira ya yi ba, su ne dai Amurkawa da kansu suke faɗa in za su loda kaya a babbar mota su bar jiha. Attajirin nan Elon Musk ya bar Kalifoniya ya koma Tekzas a 2020, shekara ta zagayo ya ɗauke hedikwatar kamfaninsa na Tesla ya kai Ostin, babban birnin Tekzas. Donald Trump da kansa, haifaffen Niyok, a 2019 ya mai da takardun zamansa Fulorida. Kaga ɗanka sahun manya ya bi, abun tambayar shi ne ko takalmin manyan zai shiga ƙafarsa.

Ƙasa ɗaya ce kamar yadda ka faɗa, amma jiha a can ba irin tamu ba ce da ake jiran ƙarshen wata a je Abuja a karɓo kaso. Jihohi 50 ne kuma kowace da kundin tsarin mulkinta, da kotun ƙolinta, da 'yan sandanta, da dokar laifukanta, har hukuncin kisa ma wata tana yi wata ta soke. Abun da za ka yi a Tekzas ɗan sanda ya ɗaga maka hannu ya wuce, shi ɗin dai za ka yi a Niyok ka kwana a sel. Sannan nisan ma ba wasa ba, daga Los Anjalis zuwa Huston kusan kilomita 2,500 ne, ya fi Maiduguri zuwa Legas nesa ba kusa ba.

Mu zo kan harajin tunda shi ne ya shafi kuɗin makarantar ƙannen. Ma'aikaci a Amurka hannu biyu ne ke shiga aljihunsa. Na farko gwamnatin tarayya, tana yanka daga kashi 10 har zuwa 37 cikin ɗari gwargwadon samun mutum, wannan ko ramin kura ya shiga sai ta biyo shi, ƙaura ba ta maganinsa. Na biyu jiha, to nan ne bambancin yake. Jihohi tara ba sa taɓa albashi sam, ciki har da Tekzas da Fulorida da Nebada da Tenesi. Kalifoniya kuwa nata ya kai har kashi 13.3, wanda ya fi na kowace jiha. Amma Baba ka lura da kyau, wannan 13.3 ɗin na wanda samunsa ya haura dala miliyan ɗaya ne a shekara, irin su Musk kenan. Nas kamar ɗanka, in ya yi yawa ƙarshen albashinsa ne zai taɓo matakin kashi 9.3, na ƙasa kuma ana yankarsa kaɗan kaɗan, in aka haɗa duka abun da yake biya bai kai hakan ba musamman mai mata da yara uku. Kuɗi ne fa ba na raina ba, duk wanda ya taɓa riƙe takardar albashi ya ga layin nan da aka zare zai ji zafi, ni ma da nake can karatu ina ɗan aikin dare na sha zama da biro ina lissafin buhun shinkafa nawa wannan layin zai saya a gida.

Sai dai kai ɗan kasuwa ne ka fi ni sani, in dillali ya ce maka ya yafe la'ada to ka duba mudun da ya auna maka da shi. Tekzas ba ta karɓar harajin albashi amma ai tana da makarantu da tituna da 'yan sanda, kuɗin daga ina? Daga harajin gida da harajin sayayya. Harajin gidan Tekzas yana cikin masu tsada a ƙasar, a wasu unguwannin kewayen Huston yana kai kashi 2 na darajar gidan ko ma ya ɗara, kuma duk shekara ne ba sau ɗaya ba. Ka ɗauka ya sayi gidan dala 300,000, to ya ajiye dala 6,000 duk shekara kafin a zo maganar bashin banki da inshora, kuma in darajar unguwar ta tashi harajin ya bi ta. A Kalifoniya akwai wata doka tun 1978 da ta ɗaure harajin gida a kusan kashi 1 na kuɗin da aka saye shi, kuma ba a ƙara ƙimar fiye da kashi 2 a shekara. Ko haya zai kama bai tsira ba, mai gidan a cikin kuɗin hayar zai zuba mishi. Na sayayya kuma kusan kunnen doki ne, Tekzas kashi 6.25 na jiha, da na gari ya kai 8.25, Kalifoniya ta fara daga 7.25 ta yi sama. Wannan harajin shi ya fara ba ni kunya a ƙasar, na ɗauki riga na ga kuɗinta a jiki na ƙirga daidai na miƙa, yarinyar kanti ta tsaya tana kallona ina kallonta, ashe sai an zo wajen biya ake ɗora shi a kai.

Inda ɗanka yake da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne tsadar muhalli. Kuɗin gida a Kalifoniya ya ninka na Tekzas biyu har da ɗoriya, man fetur ma ya fi tsada, mutum mai yara uku yana cikin ɗaki biyu yana biyan hayar da za ta saya masa gida mai tsakar gida a Huston dole zuciyarsa ta riƙa tafiya can. A ganina ma wannan ne ainihin dalilin yawancin masu tashi, haraji da siyasa ado ne da ake ɗorawa saboda sun fi daɗin faɗa a majalisa. Kuma Huston gari ne da 'yan Najeriya suka yi yawa sosai, ga masallatai ga shagunan da zai samu garin tuwo da daddawa da manja, ba zai yi kewa ba.

Amma ga inda nake so ka tsare shi. Nas nas ɗin Kalifoniya su suka fi na kowace jiha albashi a Amurka, wannan sananne ne. Ranar da ya sauka Tekzas albashin zai sauka da shi. To in an yafe maka harajin dala biyar an rage maka albashin dala ashirin, riba ka ci ko faɗuwa? Sannan lasisin aikin nas na jiha ne, na Kalifoniya ba ya aiki a Tekzas kai tsaye sai ya nemi nasu an amince, kuma abun yana ɗaukar lokaci. Ga inshorar lafiya da ke manne da wurin aiki, ya ajiye aiki yau ba tare da wani a hannu ba, yaro ya yi zazzaɓi gobe, takardar asibitin da za a miƙo masa za ta iya cinye abun da yake aiko muku na wata shida. Tekzas ita ce kan gaba a yawan mutanen da ba su da inshorar lafiya a ƙasar. Ga guguwa da ambaliya, a 2017 ruwa ya shanye unguwanni a Huston, a Fabrairun 2021 kuma sanyi ya durƙusar da wutar jihar mutane suka yi kwanaki a duhu har da rasa rayuka, duk wannan yana cikin kuɗin inshorar gida.

Saboda haka Baba kar ka hana shi, mutum mai 'ya'ya uku ya wuce a ce masa zauna, kuma in ka hana ya zauna ransa a ɓace duk abun da ya same shi kai zai tuna. Amma kar ka sa albarkar a bidiyo kol ɗaya. Ka ce ya turo maka abu uku a WhatsApp yaron shagonka ya karanta maka: takardar ɗaukar aiki daga asibitin Huston da albashin a rubuce, lasisin Tekzas, da lissafi a takarda ɗaya na abun da ke saura a hannunsa a ƙarshen wata a nan da abun da zai saura a can bayan haya da inshora da mai. In na can ya fi, ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a. In ya fara kame-kame yana ce maka Baba ba za ka gane ba, to shi ne bai yi lissafin ba. Maganar bindigar kuma ka karanta amsar da ke ƙasa, surukarka ta riga ka.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam ya aiki ya iyali. Ni dai kuka na kawo. 'Yata tana aure a Amurka, jiya ta kira ni tana hawaye wai mijin ya dage sai sun tashi sun koma wata jiha kuma da sun isa bindiga zai saya ya ajiye a ɗaki wai don tsaro. Malam suna da yaro ɗan shekara huɗu wanda ba abun da ba ya buɗewa, rannan muna waya ina kallo ya jawo kujera ya hau ya ɗauko maganin uwar a saman firij. Ni mijina marigayi maharbi ne na san mene ne bindiga a gida, amma shi tashi ta toka ce sai an ɗura, kuma a rataye take can sama a zaure. Wai da gaske ne a can kamar burodi ake sayar da ita? Kuma ba zai jawo wa kansa a koro su ba tunda baƙi ne?

Hajiya, Fadaman Mada, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, iyali lafiya Alhamdulillahi, Allah ya jiƙan Malam ya sa ya huta. Kukanki yana kan hanya, kuma cikin dalilan surukinki uku wannan ne ni ban saya ba.

Ba kamar burodi ba amma ba nisa sosai. Riƙe makami a Amurka haƙƙi ne a kundin tsarin mulki, gyara na biyu da aka yi tun 1791, kuma Kotun Ƙoli ta ƙara ƙarfafa shi a 2008 ta ce mutum yana da damar ajiye ƙaramar bindiga a gidansa, a 2022 kuma ta rushe dokar Niyok da ke cewa sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba ka izinin fita da ita. Abun da ya rage wa jihohi shi ne yadda za su tsaurara ko su sassauta. A Tekzas ka shiga shago mai lasisi, ka cike fam, a buga sunanka a kwamfutar gwamnatin tarayya a ga ba ka da laifi, ka biya ka fito da abarka a ranar. Kuma tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 zai iya yawo da ita a ƙugu ba tare da wani lasisi ba, yanzu fiye da rabin jihohin ƙasar haka suke. Na taɓa bin wani abokina shagon kayan farauta a wata jihar kudu, ƙugiyar kamun kifi muka je saye, ina juyawa sai ga bango guda bindigogi jere kamar atamfa a kasuwar Wunti, kowace da kuɗinta a rataye, wani dattijo da jikarsa a kafaɗa yana ɗaga ɗaya yana leƙawa kamar mai zaɓen rake. Ni kaɗai ne gabana ya faɗi a shagon.

To amma Hajiya ga abun da nake so 'yarki ta tambaye shi. In don tsaron gida ne kawai, wa ya hana shi a Kalifoniya? Can ma ana sayarwa. Sai dai ka kai 21, ka ci jarrabawar kiyaye haɗari, a bincike ka, ka jira kwana 10 kafin a miƙa maka, kuma ba a sayar da gidan harsashi mai cin fiye da 10. Mutumin da ya shekara tara bai iya jiran kwana goma ba, anya tsaro ne ke damunsa ba zugar abokai da bidiyon YouTube ba?

Maganar korowa kuma ya danganta da takardarsa, kuma wannan dokar tarayya ce ba ruwanta da jiha. In ya zama ɗan ƙasa ko yana da katin zama na dindindin, girin kad ɗin nan, doka ta ba shi dama. In kuwa bizar karatu ce ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asali haramun ne ya mallaka sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta, wanda ba shi da takarda kuwa ko taɓawa ya yi ya shiga uku. Ɗalibanmu da ke can ku ji wannan da kyau, kar wani ya ce maka ai nan Tekzas ne kowa yana da ita. Kuma ko mai girin kad ne, in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga za a iya tasa ƙeyarsa zuwa gida, abun da ɗan ƙasa zai biya tara ko ya yi zaman wata kaɗan ya fito shi zai rasa komai. Kuskuren ma ba wuya, ka saba da ita a mota a Tekzas, ka tuƙa ka je biki Niyok ko Niyu Jazi ka manta tana ciki, shikenan.

Su masu goyon bayan bindiga suna da hujjarsu kuma ba zan ɓoye ba. Suna cewa ɓarawo ba ya neman lasisi, doka mai gaskiya kawai take ɗaurewa, kuma mutumin ƙauye da ɗan sanda zai yi rabin awa kafin ya iso me zai yi kafin nan. Wanda ya san abun da ke faruwa a ƙauyukan Zamfara ba zai yi wa wannan magana dariya ba. Amma alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar, kuma fiye da rabi su suka harbe kansu, wato bindigar gida ce ba ta ɗan fashi ba. Jihohin da mutuwar ta fi yawa in aka auna da yawan jama'a irin su Misisifi da Luwiziyana ne masu sassauci, inda ta fi ƙaranci kuma irin su Masacusets da Hawayi da Niyu Jazi masu tsanani, Tekzas ma ta fi Kalifoniya da tazara mai yawa. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abun da ya fi kashe yara da matasa a Amurka. A Tekzas ɗin ne a garin Ubalde, ranar 24 ga Mayu 2022, wani matashi ya shiga firamare ya kashe yara 19 da malamai 2, ga 'yan sanda cike da harabar da makamansu sun fi awa ɗaya ba su kutsa ajin ba.

Shawarata, kar 'yarki ta tsaya jayayyar tashi ko zama, ta tsaya kan yaron. In ya dage sai ya saya to sharaɗi: akwatin ƙarfe mai lamba tun kafin bindigar ta shigo gida, harsashi a wani wuri daban a kulle, ba ƙarƙashin filo ba ba saman wadirob ba tunda kin ga jikan naki da kujera. Ta gaya masa ko a Tekzas ɗin laifi ne a bar bindiga da harsashi a ciki inda yaro zai kai hannu har ya ɗauke ta. Ke kuma Hajiya ki ɗaga waya ki kira mahaifinsa ku yi magana ta manya, na tabbatar miki shi ma bai yi barci ba.

TAMBAYA

Malam barka. Ni ɗalibi ne a Bauchi ina bin siyasar Amurka sosai. Naga ana cewa mutane suna guduwa daga jihohin Dimokurat zuwa na Rifablikan, shin hakan yana canza zaɓe? Sannan mu me yasa ba a yin haka, misali in harajin Bauchi ya ishe ni in koma Gombe, ko gwamna ya ba mu izinin bindiga tunda gwamnati ta kasa?

Ɗalibi, Yalwa, Bauchi

AMSA

Yauwa ɗan'uwa. Yana canzawa amma ba yadda ake zuzutawa a Facebook ba. Duk shekara goma suna ƙidaya su sake raba kujeru 435 na majalisar wakilai gwargwadon yawan jama'a. Bayan ƙidayar 2020 Tekzas ta ƙaru da kujera biyu, Fulorida ɗaya, Kalifoniya ta rasa ɗaya karo na farko a tarihinta, Niyok ma ta rasa ɗaya kuma da mutum 89 kacal ta rasa ta, ka ji fa, mutanen da ba su cika bas biyu ba. Kujerun nan su ke ƙayyade ƙuri'un wakilan zaɓen shugaban ƙasa, 538 ne ana neman 270, yanzu Kalifoniya 54, Tekzas 40, Fulorida 30, Niyok 28. To kaga duk motar kaya da ta tsallaka iyaka akwai ɗan nauyin siyasa a cikinta.

Sai dai mutum ba ya barin ra'ayinsa a tsohon gida, da shi yake tafiya, shi ya sa za ka ji 'yan Tekzas suna mita wai 'yan Kalifoniya za su lalata musu jiha. Kuma jihar ja (ta Rifablikan) ko shuɗiya (ta Dimokurat) a taswira ne kawai. Manyan biranen Tekzas, Huston da Dalas da Ostin, galibi Dimokurat suke zaɓa, ƙauyukan Kalifoniya kuma da yawa Rifablikan ne. Ɗan Baba Alhaji na sama da ke gudun siyasar Kalifoniya zai sauka Huston ya tarar da su a can suna jiransa, kuma makarantar yara ta fi danganta da gundumar da ka kama gida fiye da sunan jiha. Mu Musulmi baƙi kuma abun ya fi rikitarwa, ɓangaren da ya yi daidai da kai kan tarbiyyar yara ba lallai ya yi daidai da kai kan baƙunta ba. A 2017 Kalifoniya ta yi dokar taƙaita haɗa kan 'yan sandanta da jami'an shige da fice, a shekarar dai Tekzas ta yi dokar tilasta haɗa kan. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama, Biden ya soke a 2021, wannan kuma ko wace jiha kake ya same ka. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba ma ba shi da ƙuri'a a zaɓen tarayya, in ya kuskura ya jefa laifi ne da zai iya sa a koro shi.

Mu kuma namu tsarin daban. Harajin albashi jihar da kake zaune ce ke karɓa, amma ma'aunin dokar tarayya ce, malamin makaranta a Bauchi da na Gombe masu albashi ɗaya yanka ɗaya ake musu, harajin kaya na VAT ma kashi 7.5 ne daga Sakkwato har Kalaba tun 2020. Abun da ke bambanta shi ne 'yan rasit na kasuwa da tasha da na ƙaramar hukuma, waɗanda Baba Alhaji ya fi ni sanin zafinsu. Bindiga kuwa kundin 1999 ya sa ta a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai, lasisin na shugaban ƙasa ne da babban sufeton 'yan sanda. Ka tuna a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, ba a kwana biyu ba babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Amma kar ka ce ba ma ƙaura saboda doka. Da Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 ina 'yan acaɓan suka nufa? Da Legas ta tsananta nata a 2022 ba ka ga tireloli suna dawowa da babura ba? Wanda ya bar Jos ya dawo Bauchi bayan rikicin 2001 da na 2008, da wanda ya baro Borno da Yobe ya cika unguwannin Gombe, su ma ƙafa suka yi zaɓe da ita, sai dai su ba kalkuleta suka danna ba rai suka tsira da shi. Babban bambancin shi ne a Amurka kundinsu ya ce jihar da kake zaune ita ce jiharka, ka canza lasisin tuƙi ka yi rajistar zaɓe, bayan kamar shekara ɗaya 'ya'yanka su biya kuɗin jami'a irin na 'yan jiha. Kai kuwa in ka tattara ka dawo Gombe, jihar da sai 1 ga Oktoba 1996 aka yanke ta daga jikin Bauchi, ranar da za ka nemi aikin gwamnati ko tallafin karatu takardar asali za a ce ka kawo, kuma a ƙaramar hukumar kakanka za ka je ka karɓo ta. Kuɗin mota daga Bauchi zuwa Gombe dai ka riƙe abunka ka sayi handawut.